Buhun Bakin Ƙofa

Da sunan Allah muka fara, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Ya 'yan uwa, ku matso kusa. Masu hira a can baya ku ɗan jingine ta, ba za ta gudu ba.

An yi wani mutum a wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, ba kuma zan faɗi sunansa na yanka ba, don ya bar dangi, kuma ba su suka yi laifin ba. Mu ce da shi Badaru.

Badaru ɗan kasuwar wake ne. Da kaka ya saya a hannun manoma, ya ajiye, in bazara ta yi ya fito da shi. Yana da aboki mai suna Tukur, sana'arsu ɗaya, katangar gidajensu ɗaya. Tare aka sa su makarantar allo, tare suka koyi ɗinkin buhu a wurin mutum ɗaya. Bambancinsu kawai, Badaru bahago ne, ɗinkinsa daga hagu yake tasowa.

Amincinsu har ya kai kowa yana ajiye mabuɗin ɗakin ajiyarsa na biyu a zauren ɗan uwansa. Kullum da yamma ana ciyayya, kwano ya fita daga gidan Tukur ya shiga gidan Badaru, wani ya fito daga can ya dawo nan. Shekara ashirin ba a fasa ba.

Badaru ba matsiyaci ba ne. Yana da gona, yana da jakuna biyu, yana da keke. Yana da mace ta gari mai suna Hajo. Allah ya ba su 'ya ɗaya tak bayan dogon jira, ana kiranta Baiwa. Da yake 'yar fari ce, bakinsa bai taɓa furta sunanta ba, sai dai ya ce "yarinyar nan." Amma kowa ya san ita ce ransa.

To, me ya rasa? Babu abin da ya rasa. Ciwonsa ɗaya ne, ba ya iya kallon kwanonsa sai ya leƙa na Tukur.

Kun san abokin gabar mai ajiye wake ƙwaro ne. Iyayenmu da toka da barkono suke fama da shi, wani lokaci a yi nasara, wani lokaci a buɗe buhu a tarar da gari. Sai zamani ya kawo maganin feshin auduga, wata farar hoda a cikin gwangwani, da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a jikinsa. Wasu masu wayon banza suka gano in an barbaɗa wa wake ita, ƙwaro ko kusa ba ya zuwa. Ba su tsaya sun tambayi kansu ba, abin da ya kashe ƙwaro me zai yi wa hanjin ɗan Adam?

Aka fara kwasar mutane zuwa asibiti, gida guda, bayan sun ci abincin wake. Likitoci suka kai kuka. Hukuma ta tara masana, suka gwada, suka auna, suka fitar da ƙa'ida. Hodar auduga kada ta kusanci abin da za a ci, ko kaɗan. Akwai wata hodar daban da aka yarda a sa wa hatsi, ita ma da awo, cikin kwalin ashana ɗaya a buhu, kuma sai ta yi watanni kafin a kai waken kasuwa. Aka aiko wa hakimi, hakimi ya tara dagatai, mai shela ya zaga kasuwa da ganga har sau uku.

Aka kuma ɗora wa duba-gari aikin bincike. Na wannan yanki wani Bafillatani ne siriri mai suna Bubayero, mutumin da ba ya cin goron kowa. Zai tura hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ya ɗebo, ya murza, ya sunsuna. In ya gamsu a ɗinke bakin buhun a gabansa, ya buga tambari da shuɗin tawada a kan ɗinkin. Wanda ya ga tambarin nan ya san ba a sake buɗe buhun ba.

Tukur ya bi doka. Ba don ya fi kowa ilimi ba, shi dai cewa ya yi ba zai sayar wa mutane abin da ba zai ba 'ya'yansa ba. Badaru kuwa ya yi tsaki. Ya ce mutanen birni masu gajeren wando ne za su koya masa ajiyar wake? Ya ci gaba da barbaɗa hodar auduga, don ta fi araha, ta kuma fi ƙarfi.

A shekarar da aka canja kuɗi aka koma naira, Bubayero ya tsaya a rumfar Badaru a kasuwar Gaya. Ya tura hannu, ya sunsuna, ya kau da kai. Aka kwashe buhunan Badaru gaba ɗaya zuwa bayan kasuwa, aka haƙa rami, aka zuba kananzir aka cinna wuta. Jama'a suka yi da'ira suna kallo. Daga nan inda yake tsaye, ta cikin hayaƙin, Badaru yana hango rumfar Tukur, mata sun yi layi da kwanuka, buhuna jere kowanne da shuɗin tambarinsa.

Ya 'yan uwa, a nan ne ya kamata mutum ya ce astagfirullah, ni na jawo. Badaru bai ce ba. Cewa ya yi a ransa, ai Tukur ne ya kai shi ƙara.

Da yamma Tukur ya shigo zaurensa ya ce, "Badaru, abin da ya same ka ni ya sama. Ka zo ka ɗebi rabin nawa ka ci gaba da kasuwa, in kaka ta yi sai mu sake lale tare."

Badaru ya yi godiya, har da ƙwalla. Ya kuma karɓa. Amma ku ji abin mamakin mai hassada. In ka zage shi zai iya yafe maka. In ka yi masa alheri, ka gama da shi. Duk mudun da ya auna daga waken nan, sai ya ji kamar Tukur ne tsaye a kansa yana cewa na fi ka.

Daga nan abu ya ci gaba. Wata makarantar kwana ta ce ba za ta sayi wake ba sai mai tambari, aka ba Tukur aikin kawowa. Ya yi wa zaurensa rufin kwano. Ya sayi babur. In ya tayar da shi da safe, Badaru na cikin gida yana karin kumallo, sai ya ture kokon gefe. In ruwan sama ya sauka a kan kwanon Tukur, kowa na jin ruwa, shi Badaru yana jin habaici.

Aka wayi gari mutane na cewa "waken Tukur" in suna nufin wake mai kyau. Badaru ya rame, ya yi baƙi. Hajo ta jiƙa masa saiwoyi, ta ɗauka ciwon shawara ne. Kwanon gidan Tukur bai fasa zuwa ba, shi kuma bai fasa ci ba, yana ci yana neman aibun miyar.

Yana sallah? Yana yi, a sahun gaba ma, kafaɗa da kafaɗa da Tukur. Amma da an yi sallama idonsa na kan sabuwar rigar maƙwabcinsa.

Ana nan Baiwa, wadda aka aurar can Gafasa, ta dawo gida goyon ciki na fari. Cikin ya shiga wata takwas. Gidan ya cika da murna, Hajo ta tara itacen wankan jego har ya fi tsayin danga. Wani da ya samu wannan, ai ya ishe shi godiya har shekara. Badaru kuwa ko a lokacin hankalinsa na can ƙetaren katanga, don ya ji an ce Tukur ya biya kujerar Makka.

Sai Shaiɗan ya zo masa da shawara, kuma kun san shi ba ya zuwa da ƙaho. Cewa ya yi, ai ba kisa za ka yi ba. So kake kawai shi ma ya ɗanɗana abin da ka ɗanɗana, a ƙona nasa a gaban jama'a, a san tambarin nan ba komai ba ne. Buhu ɗaya tak. Ka sa hoda, ka kira duba-gari ya kama, ba wanda zai ci ko ƙwara ɗaya.

Ranar Juma'a mazan ƙauyen suka ɗunguma zuwa masallacin Juma'a a Gaya. Tukur ya tsaya da babur a ƙofar Badaru ya ce ya hau su tafi. Badaru ya riƙe ciki ya ce yau ba zai iya ba.

Da gari ya yi tsit, rana tsaka, ya ciro mabuɗin amana daga inda yake rataye a zaurensa. Ya buɗe ɗakin ajiyar Tukur. Ya zaɓi buhun da ke bakin ƙofa, don shi duba-gari zai fara taɓawa. Bai taɓa bakin buhun ba, saboda tambari. Ya kifa shi, ya farke gindinsa, ya juye rabin gwangwanin hodar auduga a ciki, ya cuɗa da hannu. Farar hoda cikin farin wake. Ya sa basilla ya mayar da ɗinki, ya tayar da buhun ya jingine shi yadda ya same shi.

A daidai lokacin da liman ke kan mumbari yake wannan aiki. Ku riƙe wannan.

Da ya shiga gida Hajo ta ce, "Malam, wane irin wari ne wannan a rigarka?" Ya ce taki ya taɓa. Ta karɓi rigar ta wanke.

Asabar da sassafe ya hau keke sai Gaya, wai zai rada wa Bubayero cewa a je a binciki ɗakin Tukur. Aka ce masa duba-gari ya fita rangadi Ajingi. Mai hankali da ya ce Allah ne ya ba ni ƙofar tuba, ya juya gida ya fitar da buhun nan. Shi kuwa sai ya karkata keke ya bi shi Ajingi, cikin rana, yana ta tuƙi kamar wanda zai karɓo gado.

Bari mu bar shi a hanya mu koma gida.

Da hantsi Hanne, matar Tukur, ta shigo duba Baiwa. Ta tarar da ita zaune a tabarma tana yamutsa fuska, ta ƙi koko, ta ƙi tuwo. Hanne ta ce, "'Yar nan, me ranki ke so?" Baiwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ɗan wake nake ta sha'awa tun jiya."

Hanne ta koma ta gaya wa mijinta. Tukur ya yi dariya ya ce, "'Yata na son ɗan wake ana tsayawa awon mudu? A kai mata buhu guda, ta ci har ta haihu." Ya buɗe ɗaki, ya sungumi wanda ya fi kusa da hannu, na bakin ƙofa, ya kai shi da kansa har tsakar gidan Badaru.

Hajo ta yi godiya, ta yanke ɗinkin bakin buhun, ta ɗebo. Ta ga fari-farin ƙura, ta kuma ji ɗan wari. Ta tsaya. Sai ta dubi shuɗin tambarin nan cif a kan ɗinki, ta ce a ranta, wannan ai hodar da hukuma ta yarda da ita ce, kuma daga gidan Tukur. Wa zai yi zargin waken Tukur?

Da alala ko ƙosai za a yi, da an surfa waken an wanke shi ruwa uku. Amma mata kun sani, waken ɗan wake a bushe ake niƙa shi. Ta sheƙe shi sama-sama, ta haɗa da rogo aka niƙa, ta sa kuka da kanwa. Aka zuba man gyaɗa da yaji, ƙamshi ya rufe komai. Ita Hajo tana ramuwar azumi, ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Baiwa ta cinye kwano, ta ce a ƙara mata.

A can Ajingi kuwa Badaru ya samu Bubayero a kasuwa, ya ja shi gefe ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba na son ɓata maƙwabci, amma tsoron Allah ya sa na zo." Kun ji fa. Tsoron Allah. Bubayero ya dube shi ya daɗe, sannan ya ce in ya gama aiki za su tafi tare.

Bayan la'asar suka shigo ƙauyen, keke biyu. Badaru yana ta shirya irin fuskar tausayin da zai yi wa Tukur. Sai ya hango cincirindon mutane. Ransa ya yi fari, ya ɗauka an riga an kama waken Tukur. Da suka matso ya ga ba a ƙofar Tukur aka taru ba, a ƙofarsa ne.

Ya yar da keken ya kutsa. Ga Baiwa kwance a tsakar gida, gumi ya jiƙa ta sharkaf, kumfa na fita bakinta, jikinta na karkarwa. Hanne na riƙe da kanta. Tukur ya riga ya tafi a babur neman mota.

Badaru ya ce, "Me ta ci?"

Hajo ta ce, "Ɗan wake ne kawai, Malam. Waken gidan Tukur."

Ya ce, "Wane buhu? Wane buhu ya ɗauko? Ba dai na bakin ƙofa ba?"

Ba wanda ya ce masa akwai wani abu game da wani buhu. Hajo ta ɗago kai ta dube shi. Bubayero, wanda Badaru da kansa ya je har Ajingi ya ɗauko, yana tsaye a bayansa yana ji.

Badaru ya durƙusa ya kama hannun 'yarsa. Bakin da shekara goma sha takwas bai furta sunanta ba, ranar ya buɗe shi da ƙarfi, "Baiwa! Baiwa!" Ta buɗe ido ta ce, "Baba, cikina." Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba.

Motar ta zo, aka sa ta. Ba su kai Gaya ba rai ya yi halinsa. Ita da abin da ke cikinta.

Washegari bayan an dawo daga maƙabarta, Bubayero ya sa aka fito da buhun zuwa zaure, a gaban dagaci. Tukur na zaune ya haɗa kai da gwiwa yana kuka, yana cewa shi ya kashe ta, da hannunsa ya kai mata. Wasu har sun fara yi masa wani irin kallo. Bubayero ya nuna tambarinsa ya ce, "Wannan nawa ne, kuma lafiya na bar buhun nan." Sannan ya kifa shi. Ga sabon zare a gindi, ɗinkin ya taso daga hagu.

Tukur ya dubi ɗinkin. Ya san shi kamar yadda ya san tafin hannunsa, tare suka koya. Ya juya ya dubi Badaru.

Hajo ce ta yi magana daga bayan ƙofar zaure. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa Badaru, "Warin da na ji a waken nan, shi na wanke a rigarka ran Juma'a."

Badaru bai musa ba. Da me zai musa?

Shari'a ta yi aikinta, ya yi shekaru a gidan yari a Kano. Hajo ta koma gidan iyayenta a Kademi, ba ta ƙara taka ƙauyen ba. Itacen wankan jegon nan yana nan jibge har gara ta cinye shi, an rasa mai zuciyar hura wuta da shi.

Da aka sako shi ya dawo kangon gidansa, tsoho tun kafin lokacin tsufa. Ba mai gaishe shi, ba mai sayen ko allura a hannunsa. Ranar da ya dawo, da yamma, ya ji sallama. Hanne ce ta ajiye kwano a bakin zaure ta juya. Tukur ya ce ciyayyar shekara ashirin ba shi zai yanke ta ba, hisabi kuma yana wurin Mai hisabi.

Kullum kwanon nan sai ya zo. Badaru ya buɗe, ya sunsuna, ya sake sunsunawa, ya rufe. Ya san sarai ba komai a ciki sai alheri. Amma duk abincin da ya kai hanci, warin hodar nan yake ji. Haka ya yi ta bushewa, da kwano cike a gabansa, har ranar da aka zo ɗaukar kwanon aka tarar Badaru ya cika. Tukur ne ya saya masa likkafani.

Ya 'yan uwa, me Tukur ya ɗauka na Badaru? Rufin kwanonsa ya rage wa Badaru inuwa? Baburinsa ya sha man Badaru? Wanda ya raba arziki shi ya ba wannan, ya ba wancan. Mai hassada ba da maƙwabcinsa yake faɗa ba, da rabon Ubangijinsa yake faɗa. Badaru yana da abin da dukiyar Tukur duka ba za ta saya ba, 'ya da jika a hanya, amma bai gan su ba sai da aka ɗauke su.

Ku kuma 'yan kasuwa, ina ganinku, kada ku sunkuyar da kai. In hukuma ta ce kada a sa kaza a abinci, ko a sa iya kaza, ba don a ƙuntata muku ba ne. Sai da aka binne wasu kafin a rubuta dokar nan. Tambarin da ke kan buhu amana ce. Matar da ta gan shi ta saki jiki ta dafa wa 'yarta, da amanarka ta dafa. Kada wani ya ce ai kaɗan na sa, ai baƙi ne za su saya. Kai ka ɗinke buhun, amma ba kai za ka zaɓi gidan da za a buɗe shi ba.

Wanda ya san akwai wani Tukur a zuciyarsa, wanda in an ambaci alherinsa yake jin ɗaci a maƙogwaro, to kada ya kwana da shi. Ya yi masa addu'ar ƙarin arziki, ko da harshen ya yi nauyi. Ya maimaita gobe, ya maimaita jibi, har zuciyar ta bi harshen.

Ya Allah ka wanke zukatanmu daga ƙyashi da hassada. Ka sa mu ga ni'imar da ke cikin gidajenmu tun tana nan. Ka tsare hannuwanmu daga cutar da bayinka, ka jiƙan Baiwa da irinta waɗanda suka ci da yarda. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.